Sati Uku Ya Ce

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Na buɗe wannan littafin don tsara tafiya ne, ba don kuka ba. Bari in rubuta a sarari tun yanzu: zan je Togo da jaka a baya, in bi ta gari bayan gari daga bakin teku zuwa arewa, sati uku. Shekarata hamsin da huɗu, gwiwata ta hagu tana ƙara in na tashi daga sujada, kuma ban taɓa wuce Jos ni kaɗai ba. Shekara talatin na yi ina koya wa 'yan firamare taswira, ina nuna musu Togo da bakin sanda ina cewa ga ta nan kamar tsinken sakace, suna dariya. Yau tsinken ya haɗiye min mutum.

Na Dada ne. Haka nake kiransa, don shi ne ɗan farina, a gidanmu kuwa uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. Da aka yaye shi sai Dada, mahaifiyata, ta ɗauke shi zuwa unguwar Ƙofar Dumi a nan Bauchi, a ɗakinta ya girma. Shi kuma Adda yake ce min, kamar wata yayarsa. Ni ma haka aka yi min, don ni ce ta farin Dada, har yau Ta Goggo take kirana. Ba wanda ya taɓa cewa abin da ciwo.

Ya tafi sati ɗaya bayan ƙaramar Sallah. Sati uku ya ce. Yau wata uku.

Laraba, 9 ga Yuli, hantsi

Mun je gidansa ni da Zinariya, autata, don ita ke riƙe da makulli. Ban kalli ƙaramin ɗakin da suka yi wa sabon fenti ba. Na ce ban kalla ba.

Taswirar tana manne a bangon falo, da rubutun matarsa Yasmin da koren biro, Allah ya jiƙanta. Lome kwana uku. Palime kwana huɗu, a gefe ta rubuta "duwatsu da ruwa mai zubowa". Atakpame biyu, Sokode uku, Kara huɗu, sai arewa. Shekara biyu suka yi suna shirin wannan yawo, ni kuwa ina ta yi wa Yasmin tsiya ina cewa mutum da gidansa da gadonsa ya je yana goyon jaka kamar wanda aka kora. Ita dai dariya take yi ta ce, "Adda, sai mun kawo miki hoton teku."

Jaka biyu suka saya. Ya tafi da baƙar. Tata, ruwan goro, tana rataye a bayan ƙofa ko takardar shago ba a cire ba. Na sauke ta, na ɓamɓare taswirar na naɗe.

Zinariya ta ce, "Umma, me za ki yi da jakar?"

Na ce, "Miya zan kaɗa a ciki."

Saƙonsa na ƙarshe na murya ne, a wayar Dada, kwana goma sha biyu da tafiyarsa. Na sa Zinariya ta turo min shi. "Dada, na iso Sokode lafiya, garin kamar namu, ko'ina masallaci. Ki gaida kowa." Daga nan lambarsa ta mutu.

Kowa. Ni ce kowa.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Bappa ya zo. Ƙanin marigayi maigidana ne, tun rasuwar shi ke faɗa a ji a gidan. Ya zauna ya gyara babbar riga sau uku kafin ya fara, na san Zinariya ta kai masa rahoto.

"Malama, na ji wata magana da ban so na yarda ba."

Na ce ya yarda kawai, ya huta.

Ya ce mace ba ta fita ƙasar waje ba muharrami. Ya ce an kai cigiya inda ya kamata, ana addu'a a masallatai uku, kuma shi da kansa zai je in an cire amfanin gona. Na ce, "Alhaji, yanzu aka yi noman farko." Sai ya ce abin da ya fi ba ni haushi: "Ke fa uwarsa ce. Mutane za su ce kin zubar da kunya."

Na tashi na ɗauke tiren shayi tun bai sha ba. Na san rashin kyautawa ne. Ban mayar ba.

Asabar, 12 ga Yuli, azahar

Na kira lambarsa sau tara. Muryar matar kamfanin waya ce dai, mai Faransanci.

Talata, 15 ga Yuli, yamma

Na wuni a kasuwar Muda Lawal a shagon Adenike, Maman Dele, wadda nake sayen atamfa a wajenta tun ina amarya. Shekara ashirin tana zuwa Lome sarin kaya. Ta ture bandiran yadi ta shimfiɗa taswirar a kan tebur, ta bi ta da farce.

Ta ce daga nan Legas, daga Legas Kwatano, daga Kwatano Lome. Fasfona na aikin Hajji bai mutu ba, ba a neman biza, amma dole in yi allurar shawara in karɓi katin nan ruwan ɗorawa. In canji sefa, kuɗin can, kafin in ƙetare. Kowane gari in nemi zango, can Hausawa suke, in fara da limami da mai shayin tasha. Kada in hau babur da jaka a gefe ɗaya. Na rubuta duk, kamar ɗaliba ta gari.

Sannan ta koya min Faransanci, na rubuta yadda kunnena ya ji. Bonju. Mersi. Je shersh mon fis, wato ina neman ɗana. Il sapel, wato sunansa.

"To, Malama, sai ka ce il sapel, sai ka faɗi suna. Yi in ji."

Na ce, "Il sapel." Na tsaya.

"Faɗi mana!"

Na ce ai zan buga hotonsa da suna a ƙasa in riƙa nunawa.

Ta riƙe haɓa. "Mai shayi a tasha zai karanta maka takarda? Kai Malama, yaro naka ne fa, ba na maƙwabci ba! Ni Dele in ya ɓace, daga nan har Ogbomoso za su ji sunansa, kunne nasu zai yi ciwo."

Na yi dariya don kada in yi ɗayan. A keke napep ina ta maimaita il sapel, il sapel, har mai keken ya waiwayo ya tambaya ko zikiri nake.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan asuba

Maman Dele ta ce in saba da nauyi tun a gida. Na zuba mudu biyar na shinkafa a jakar, na goya, na jefa hijabi a kai, na zaga unguwa. Na koma kamar mai ƙusumbi. Matar mai kanti ta leƙo ta ce, "Malama, lafiya? Jika kike goyo?" Ba ta nufi komai ba, ta manta ne. Da ta tuna sai ta toshe baki da hannu.

Na kai bakin titi na dawo, minti arba'in. Igiyar ta yanke min kafaɗa, gwiwa ta kumbura. Idan unguwarmu Fadaman Mada ta kayar da ni, yaya zan yi da duwatsun Palime? To in ban je ba wa zai je?

Sati uku ya ce.

Lahadi, 20 ga Yuli, hantsi

Ruwa ake yi tun safe, ban fita da jaka ba. Zaman nan ne ba na so.

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. A watan Janairu ne, ranar da maza suka dawo daga maƙabarta, kabari biyu, babba na Yasmin da ƙarami na jaririnta. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, ga goggonninsa, ga dangin Yasmin. Ya shigo, ƙafarsa duk jar ƙasa, ya ratsa kowa ya durƙusa a gabana. Bai taɓa yin haka ba. Ya ce a hankali, "Adda, ko yau ba za ki ce min komai ba?"

Ido talatin a kaina. Hannuna ya ɗaga da kansa zai dafa kansa, na mayar da shi cikin mayafi. Na ce, "Je ka wajen Dada, tana nemanka."

Ya tashi ya tafi. Wata goggo ta ce, "Kai, Malama akwai kawaici." An yabe ni ranar.

Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da zai tafi ma a ƙofar ɗaki ya tsaya ya ce, "Adda, zan yi tafiyar nan da muka shirya da ita." Na ce Allah ya tsare. Ina tankaɗe, ban ɗago ba.

Litinin, 21 ga Yuli, azahar

An yi allura, an ba ni kati. Hannu ya yi tsami. Da ma nan ne kaɗai ke ciwo.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar



Maman Dele ta kira da rana. Tana da wata abokiyar ciniki a Sokode, Paulina, ta tura mata hotonsa tun makon jiya. Paulina ta ce akwai wani ɗan Nijeriya mai haɗa sola da ke kwana a shagon wani tsohon Alhaji a zango. Ba ta ga fuskarsa da kyau ba, amma ta samo lambar tsohon. Sola sana'ar Na Dada ce.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kira. Tsohon ya ɗauka, Hausarsa wata iri amma ana ganewa. Na ce daga Bauchi nake, ina neman mai haɗa sola.

"'Yan Nijeriya huɗu ke wajena, Hajiya. Wanne?"

Na ce dogo ne, baƙi.

"Dukansu dogaye ne. Yaya sunansa?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan a kan harshena, ni na zaɓa masa shi a ɓoye na raɗa wa babansa ana gobe suna. Iska kawai ta fito. Tsohon yana ta halo, halo, na kashe wayar.

Na kira Zinariya na ba ta wayar ta sake bugawa. Ita ta faɗi sunan tsaf kamar ruwan sha. Tsohon ya ce, "Ke wace ce tasa?" Ta ce ƙanwarsa. Sai muka ji ya rufe wayar da tafin hannu yana magana da wani, har wajen minti ɗaya. Da ya dawo ya ce, "Ban san mai wannan suna ba, 'yata. Ku yi haƙuri."

Wanda ba ka sani ba, da wa za ka yi shawara a kansa?

Zinariya tana kuka tana cewa yana raye, Umma, yana raye. Ni kuma abin da na ji daban ne. Yana raye, kuma ba ya son mu.

Alhamis, 24 ga Yuli, safe

Idan shi ne, yanzu ya san an gano inda yake. Bayan Sokode a taswira Kara ce, bayan Kara arewa, inda Maman Dele ta ce ko ita ta daina zuwa saboda rashin tsaro. Ni da bakina na iya kora shi gaba.

Na sauya tsari. Lome kwana ɗaya, ba uku ba. Palime na soke ta, Yasmin ta yafe min ruwanta mai zubowa. Kai tsaye Sokode. In ba ya nan, Kara. In ba ya Kara, in dawo baya in bi sauran ɗaya bayan ɗaya har sati ukun su ƙare. In sun ƙare ban san me zan rubuta ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, azahar

Na gwada a banɗaki, famfo a kunne don kada a ji. Leɓe ya motsa, murya ta ƙi.

Asabar, 26 ga Yuli, yamma

Bappa ya sauko, rabi da rabi. Maman Dele za ta Lome ranar Talata, ya ce in dai tare za mu ƙetare to ya cire bakinsa. Bai tambayi abin da zai faru bayan Lome ba, ni ma ban tuna masa ba.

Na juye shinkafar na shirya kayan gaske. Zani uku, hijabi biyu, darduma, rigar ruwa, man zafi na gwiwa, garin kunu, dambun nama. Dambun da yawa, don yana so. Ban taɓa ba shi da hannuna ba, Dada nake aika wa in ce ta raba wa yara, alhali yaro ɗaya ne a gidan.

A aljihun ciki na ji takarda. Koren biro ne, ta rubuta tsarabar da za su sayo. Dada, turare. Zinariya, 'yan kunne. Bappa, hula, in an sami mai shiga kansa. A ƙasa:

"Adda, atamfar Lome, shuɗiya. Ya ce ba za ta nuna ta ji daɗi ba, amma za ta ɗaura ranar Juma'a, da haka za mu gane."

Ashe yana kallona. Duk shekarun nan yana karanta ni ta zanin da na ɗaura, ta dambun da ake cewa na yara ne. Ya yarda da wannan ɗan guntun har ranar da ya buƙaci ƙari, sau ɗaya tak, na hana shi.

Na yi kuka har Zinariya ta bugo ƙofa. Na ce man zafi ne ya shiga min ido.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Na je Ƙofar Dumi yin sallama da Dada. Mai babur ya sauke ni a bakin lungu don ruwa ya kwanta, na ƙarasa a ƙafa. Na same ta a kan tabarma da wayarta a cinya, tana sauraron saƙon nan. Ta rame. Ba ta ce zauna ba, ba ta taɓa ce min ba, ƙafa kawai ta janye ta ba ni wuri.

"An ce kin kira kin kasa."

Na ce haka ne.

"Ni na koya miki."

Na ce, "Dada, al'ada ce, ba laifinki ba ne."

"Rufe min baki, ina magana." Ta daɗe tana murza carbi. "Ranar da aka kai ki ɗakin miji, a bayan rumbu na wuni. Goggo ta zo ta same ni ta ce in wanke fuska kada a gani. Na wanke. Ranar da mijinki ya rasu, na zo na zauna nesa da ke, na koma gida ban ci abinci ba kwana biyu. Kin sani?"

Na ce ban sani ba.

"To ina amfaninsa?"

Na tashi zan tafi, na ce ta sa min albarka. Har na kai bakin zaure na ji ta daga baya, muryar tana karkarwa kamar mai ɗaga tulu.

"Sa'adiyya."

Na tsaya cak. Wallahi sai da na waiwaya in ga ko wata ce ta shigo. Shekara hamsin da huɗu. Ba ta kalle ni ba, bango take kallo.

"Sa'adiyya, ki dawo min da shi. In ya ƙi, ke ki dawo min."

Ban san yadda na kai titi ba. Abin da na sani, ƙafata ba ta yi ciwo ba har gida.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe biyu da rabi, a tasha

Ina rubutu a kan cinya, mota ta kusa cika. Maman Dele tana can tana faɗa da kwandasta a kan kujerar taga. Bappa da kansa ya ɗauko min jakar, ya ce ta yi nauyi, na ce dambu ne.

Ɗazu na koma bayan rumfar mai lemo na kira tsohon Sokode. Ya gane muryata.

"Hajiyar Bauchi, na ce muku ban san shi ba."

Na ce, "Alhaji, ba tambaya zan yi ba. Ka buɗe wayar yadda na kusa da kai zai ji."

Sai na ji ƙarar shagon ta fito, ana buga ƙarfe, rediyo yana Faransanci. Na rufe ido. Na tuna bangon da Dada take kallo.

Na ce, "Abdulmuhaimin."

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har mai lemo ta saki wuƙa. Can aka daina buga ƙarfen. Wani ya kashe rediyo. Na ji takun ƙafa, na ji an karɓi wayar, na ji numfashi.

"Wace ce?"

Bai gane ni ba. Ina zai gane? Bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.

Na ce, "Abdulmuhaimin, ni ce."

"Adda?"

"Uwarka ce."

Na duba ko layin ya yanke. Da ya yi magana muryarsa ta dishe. Ya ce, "Ba zan iya dawowa gidan nan ba. Kada ki ce in dawo."

Na ce, "Wa ya ce ka dawo? Ni ce tafe. Jakar Yasmin tana bayana, da taswirarta. Saura Kara ba ka gani ba, ni kuma ban ga teku ba, ban ga ruwan Palime ba. Ka tsaya inda kake, gwiwata ba ta bin mutum da gudu."

Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ne ko ɗayan. Bai ce to ba. Bai ce a'a ba. Ban sani ba ko zan same shi a shagon ranar Juma'a, na dai sa shuɗin zanina a saman kaya.

Direba yana ta danna hon, Maman Dele tana ƙwala min kira. Kafin in kashe ya ce, "Sake faɗa."

Na sake. Sau uku, a tsakiyar tasha, Bappa yana tsaye yana ji.